Kada ku ɗaure dijonktar da waya

Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp tsakanin Tanut da Balbeji, ƴan uwa na ta tura wa juna. Mai maganar ya kira kansa masanin wuta, ya jero shawarwari kan piriz ɗin madafa. Wasu gaskiya ne, wasu shirme, ɗaya kuwa tana iya ƙone gida.

Ga ta nan. Wai idan dijonktar yana yawan yanke wuta da zarar an kunna resho ko butar dafa ruwa, to lalacewa ya yi, a haɗe bakinsa biyu da wayar tagulla, ko a sa wanda ya fi shi girma. Ƙarya ce, kuma wanda ya faɗe ta bai ji tsoron Allah ba.

Lissafin a fili yake. Wutar NIGELEC bolt 220 ce. Dijonktar mai amfiya 10 iyakarsa wat 2,200. Butar lantarki kaɗai tana jan kusan wat 2,000, resho kuma 1,000 zuwa 1,500. A haɗa su da firigo a kan ralonj guda, dole wuta ta yanke, domin aikin dijonktar ke nan: ya katse kafin waya ta yi zafi. In aka ɗaure shi, zafin sai ya koma cikin bango. Siririyar waya mai milimita 1.5, wadda aka yi don fitila, robarta ta narke, balle a Afrilu da Mayu da zafin Damargu ke haura digiri 40. Ga zana, ga kara, ga rumbun gero a kusa. Kamar ɗaure bakin kare ne don haushinsa ya hana ka barci, alhali ɓarawo yana tsakar gida.

Masu sola ma ba su tsira ba. Na'urar wat 600 tana jan amfiya 50 daga batir mai bolt 12. In babu fizibil kusa da batir, wayoyi biyu suka haɗu, nan take su yi ja wur.

Ba na ganin laifin matar da wuta ta yanke mata tana tsakar girki, mai gyara yana nesa, kuɗi kuma babu. Amma ga abin yi: a cire komai daga piriz, a tada dijonktar, a riƙa mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya. In abu ɗaya ne ke yanke wuta, shi ke da matsala. In ya yanke ba a jona komai ba, ko piriz ya yi baƙi, yana zafi, yana warin roba, a kashe layin a kira ƙwararre. Layin madafa waya mai milimita 2.5 yake buƙata.

Sauran maganganun mai saƙon: ƙullin gishiri a kan kwantar ba ya rage ko dala daga kuɗin wuta. Cajar waya da aka bari a piriz ba ta shan wuta kamar firigo. Ya yi gaskiya da ya ce kada a watsa ruwa a gobarar lantarki. A kashe wuta, a zuba yashi. Zuba ruwa a gindin ƙarfen da aka binne don sauke wuta a ƙasa yana iya taimakawa a busasshen yashinmu, amma ba zai gyara firigon da ke jan mutum ba. Wannan sai an duba shi, an kuma sa dijonktar mai miliamfiya 30.

Duk wanda ya tura wancan saƙo, ya bi waɗanda ya tura wa, ya faɗa musu su cire wayar tagullar yau.