Me Ya Sa Ruwan Randa Yake Sukar Haƙori?

Da yawa daga cikinmu mun san wannan abu. Da sanyin safiya a lokacin hunturu mutum zai ɗebi ruwa a randa domin ya kuskure baki, sai ya ji wani zogi ya tsarga masa haƙori har cikin kai, kamar an soka allura. Kafin ya ajiye moɗa zogin ya wuce. Wani kuma a kan shayi mai zafi yake jin nasa, wani a kan lemun tsami, wani ko iska ce ta shiga bakinsa sai ya dafe kunci. Mukan ce sanyi ne kawai, mu ci gaba da harkokinmu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wannan zogi saƙo ne haƙori yake aiko mana, cewa rigarsa ta fara yagewa.

Zancen ya shafi kowa, amma ya fi shafar wanda yake nesa da likita. Mu ɗauki Tabanni, a gabashin ƙaramar hukumar Birnin Gwari. Manomin da haƙori ya hana shi barci a can, in abin ya fi ƙarfin asibitin kusa, sai ya kama hanyar Kaduna ko Zariya, ga kuɗin mota, ga aikin gona da zai bari. A shekarun da rashin tsaro ya tsananta a dajin Birnin Gwari, tafiyar kanta kasada ce. Saboda haka a wuri irin wannan, likitan haƙori na farko shi ne mai haƙorin da kansa.

Yadda Haƙori Yake

Yaro yana da haƙoran nono 20. Babba yana da 32, kuma daga su babu wani canji. Kowane haƙori yana da sassa uku. Na waje shi ne farin ɓawo, wanda ya fi kowane abu tauri a jikin ɗan Adam, har ya fi ƙashi. Ba shi da jijiya, don haka ba ya jin zafi ko sanyi. A ƙarƙashinsa akwai sashe na biyu, mai ɗan launin rawaya, wanda yake cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kuma akwai ruwa a cikinsu. Kafofin nan sun miƙe har zuwa sashe na uku, wato tsakiyar haƙori, inda jijiya take.

Muddin ɓawon yana nan, kuma dasashi ya rufe gindin haƙori, kafofin a rufe suke. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Idan ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya ja baya ya bar gindin a fili, sanyi ko zafi ko tsami sai ya motsa ruwan da yake cikin kafofin, motsin kuma ya taɓa jijiya. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, shi ne ya bayyana wannan a shekarun 1960, kuma bayaninsa ne likitoci suka fi yarda da shi.

Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, fata takan warke, ƙashi yakan haɗe, gashi yakan tofo, amma ɓawon haƙori in ya tafi ya tafi ke nan.

Abubuwan Da Suke Cinye Ɓawon

Na farko, kuma abin mamaki, shi ne tsaftar da muke yi da ƙarfi. Mai cin goro yakan ga haƙoransa sun rine, sai ya daka gawayi, ko ya ɗebi toka ko gishiri, ya dirje su kamar mai wanke tukunya. Da farko za su yi haske. Amma abin da yake kankare dattin yana kankare ɓawon tare da shi. Bayan shekaru sai rawayan da yake ƙasa ya bayyana, shi kuma ya ƙara ƙarfin dirza yana zaton datti ne. Haka ma buroshi mai tauri, in ana jan sa gaba da baya kamar zarto, yakan ture dasashi ya yi rami a wuyan haƙori.

Na biyu shi ne tsami. Duk mun san yadda haƙora suke mutuwa in mun sha ɗanyen mangwaro ko tsamiya. Tsami yana tausasa ɓawon na ɗan lokaci. Lemun kwalba, zoɓo, lemun tsami da kunun tsamiya duk suna yin haka, musamman in ana kurɓa kaɗan-kaɗan duk yini. Ruwan ciki ma yana da tsami ƙwarai, shi ya sa masu yawan ƙwannafi da mata masu laulayin ciki sukan yi fama da wannan zogi.

Na uku shi ne zaƙi. Ƙwayoyin cuta da suke zaune a dattin haƙori suna cin sukari su fitar da tsami, tsamin kuma ya huda haƙori. Wannan shi ne abin da muke kira tsutsar haƙori, ko da yake babu wata tsutsa a ciki. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba yake sha a yini ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ma ya fi. Mu lissafa na shayi, da na koko, da alewa, da rake, mu ga inda muka tsaya.

Na huɗu shi ne mai da haƙori kayan aiki: buɗe kwalba, fasa ƙwallon goruba, tauna ƙanƙara. Wasu kuma suna cizon haƙora cikin barci ba su sani ba.

Asuwaki Ko Buroshi?

Kada wani ya rena asuwaki. Kakanninmu da shi suka yi amfani, kuma ƙasar Birnin Gwari ba ta rasa itatuwansa ba, irin su marke da darbejiya. Reshe ɗanye mai tsabta, in an tauna bakinsa har ya yi laushi, yana fitar da datti sosai. Abu biyu ne ya rasa. Yana da wuya ya kai bayan turame, kuma ba shi da sinadarin fuloraid da ake sawa a man goge baki, wanda yake ƙarfafa ɓawon haƙori. Wanda ya sami hali ya haɗa biyun: buroshi da mai safe da dare, asuwaki da rana. Wanda bai samu ba ya riƙe asuwakinsa, amma a hankali.

Abin Da Za Mu Yi Kullum

1. Mu goge baki sau 2 a yini, minti 2 kowane lokaci. Na dare kafin barci ya fi muhimmanci, domin miyau yana raguwa in muna barci.
2. Mu zaɓi buroshi mai laushi, mu riƙa juya shi a hankali daga dasashi zuwa bakin haƙori. Mu canja shi bayan wata 3. A ɗakin kwana kada a yi aron buroshi, ko tsakanin aminai.
3. Bayan gogewa mu tofar da kumfan, kada mu kuskure da ruwa nan take, domin sinadarin ya zauna ya yi aikinsa.
4. In mun sha abu mai tsami, ko mun yi amai, mu kuskure da ruwa kawai, mu jira wajen rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin mu goge.
5. Mu ci kayan zaƙi tare da abinci, ba tsakanin abinci ba.
6. Mai jin zogi ya nemi man goge baki da aka yi musamman domin haka, irin su Sensodyne. Ba ya aiki a rana ɗaya, sai an yi mako biyu zuwa huɗu ana amfani da shi. Ruwa mai ɗumi kuma ya fi masa sauƙi da hunturu.
7. Iyaye su taya yara gogewa har su kai shekara 7. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne a wajen shekara 6, kuma sau da yawa akan bar shi ya ruɓe ana zaton na nono ne.

Lokacin Da Dole A Ga Likita

Zogin da muka bayyana gajere ne, yana wucewa da zarar an janye abin da ya tayar da shi. In ciwo ya daɗe bayan haka, ko ya zo da kansa cikin dare, ko kunci ya kumbura, ko ga zazzaɓi, ko dasashi yana jini kullum, to magana ta canja. Kada a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, domin ƙona shi take yi. Kada a ɗiga ruwan batir ko fetur a ramin haƙori. Kanumfari yakan kwantar da zogi na ɗan lokaci, amma ba ya cike rami. A je asibiti mafi kusa, su kuma za su iya turawa inda akwai sashen haƙori, kamar Asibitin Barau Dikko a Kaduna ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Haƙorin da aka kai da wuri akan cike shi, wanda aka yi jinkiri sau da yawa sai cirewa. Kumburin da ya hana haɗiya ko numfashi kuwa ba ya jiran gari ya waye.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki, alhali yawancinsu ana iya kauce musu. Mu ɗalibai, idan mun koma gida hutu, ko Tabanni ko wani gari, mu duba yadda ƙannenmu suke goge baki, mu nuna musu. In mun ga baba ko kaka da garin gawayi a hannu, mu yi musu bayani cikin ladabi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, haƙori kuma tun yana da rigarsa ake tsare shi.