Ɗan Akwatin Da Ke Hana Sa'adatu Sunanta

Tun daga watan Disamba na 2020, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta ba da umarnin a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, har zuwa wa'adin ƙarshe na 14 ga Satumba 2024, akwai wata magana da ta zame wa mutanenmu ƙarfen ƙafa: "Sunanka bai zo ɗaya ba." A banki a faɗa maka, ka je ofishin kamfanin waya a maimaita maka, ɗalibi ya je rajistar JAMB ya tarar tana can tana jiran sa. Da Babban Bankin Nijeriya ya fito a Disambar 2023 ya ce dole a haɗa asusun ajiya da BVN ko NIN, sai layukan suka ƙara tsawo.

Duk wanda aka miƙa wa makirfo a gidan rediyo, amsarsa ɗaya ce: mutanen karkara ba su san yadda ake rubuta sunansu ba, ko kuma yaran da ke buga bayanai ne ke da ganganci. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Mutum ɗaya yakan zama Muhammadu a makaranta, Mohammed a banki, Mamman a katin zaɓe. Amma akwai wani mai laifin da ban taɓa jin an ambata ba, ga shi kuwa a gaban kowa yake: ɗan farin akwatin nan mai layi ɗaya da ma'aikaci ke buga sunanka a ciki.

Kowace manhajar da ke aiki a kan kwamfutar ofis tana da shi. Masu rubuta manhaja ba sa ƙera shi da kansu, a shirye suke ɗauko shi daga kayan aikin da suka zaɓa. A Qt sunansa QLineEdit, a Windows Forms TextBox, a Java JTextField, masu Python kuwa da ke aiki da Tkinter suna kiran sa Entry. Mai manhaja ya dasa shi a allo, sai ya gindaya masa sharuɗɗa: haruffa nawa zai ɗauka, wane rubutu mai dishi-dishi zai nuna kafin a fara bugawa, zai ɓoye abin da aka buga da ɗige-ɗige in kalmar sirri ce ko ba zai ɓoye ba. A Qt da Windows Forms, in ba a taɓa komai ba, akwatin na ɗaukar haruffa har 32,767. Saboda haka in ka ga an yanke wa Abdurrahman wutsiya, ko sunan kakanka ya tsaya a rabi, wani ɗan Adam ne ya zauna ya rage adadin da hannunsa.

Sai tantancewa, wadda ita ce mai gadin ƙofa. Ana iya sa ta duba kowane harafi a lokacin da ake buga shi, ko ta jira sai an bar akwatin, ko sai an danna maɓallin aikawa. Masu Qt sun yi wata hikima da nake so: sun raba hukunci gida uku, akwai abin da aka ƙi, da abin da aka karɓa, da na tsakiya, wato wanda bai cika ba tukuna amma yana kan hanya. Wanda ya buga 080 ai bai yi kuskure ba, bai dai gama ba ne, kuma manhajar da ke yi masa ja tun a lamba ta uku ba ta da tarbiyya.

Abin da na lura da shi a manhajojin ofisoshinmu shi ne an juya tsarin a baibai. Inda ya kamata a tsananta an yi sakaci, inda ya kamata a sassauta an ɗaure fuska.

Lambobi ne ke son tsanani. NIN lambobi 11 ce, BVN 11, lambar wayar Nijeriya 11, lambar asusun banki ta tsarin NUBAN kuwa 10. Ta ƙarshe a cikin goman nan ba ado ba ce, lissafa ta ake yi daga sauran taran da lambar bankin, domin in yatsa ya zame manhaja ta gane tun kafin kuɗi su tashi. Katin ATM ma yana da irin wannan dabara, wadda Hans Peter Luhn na kamfanin IBM ya ƙirƙiro a shekarun 1950. Layuka kaɗan ne na aiki, amma nawa ne ke saka su? Sannan ga tarkon da sababbin hannu ke faɗawa kullum: su ɗauki lambar waya a matsayin adadi na lissafi, sai sifilin farko ya ɓace, domin a lissafi 0803 da 803 duk ɗaya ne. Wani tarkon shi ne ma'ajin adadi na yau da kullum, mai bit 32, ba ya wuce 2,147,483,647, lambobi goma ke nan, ka ga NIN ba za ta shiga ba. Lambar shaida suna ce da aka rubuta da alƙaluma, a matsayin rubutu ake ajiye ta. Kuma a tuna lambar wayar Nijar 8 ce. Akwatin da ya kafe a kan 11 ya sallami ɗan kasuwar Maraɗi da ke sayen kaya a Jibiya.

To, mu zo kan suna, inda ciwon yake. Mafi yawan masu koyon sana'ar nan sukan kwafo wata gajeriyar ƙa'ida da suka tsinta a littattafan da aka rubuta a Amurka, mai cewa suna shi ne A zuwa Z, manya da ƙanana, shi ke nan. Da wannan ƙa'ida, Sa'adatu ba suna ba ne. Mu'azu, Isma'il, Rabi'u, Nafi'u, Asma'u, duk an kore su saboda hamza. Ɗanjuma da Ɗanladi da Baƙo an kore su saboda ƙugiya. Mutumin Ƙanƙara ba zai iya rubuta garinsu ba. Kai, marigayi Umaru Musa 'Yar'adua, wanda ya hau mulki a 2007, shekarar da aka yi dokar kafa hukumar katin ɗan ƙasa ta NIMC, hamza biyu gare shi a suna ɗaya, ta farkon ma ita ce ke buɗe sunan.

Me ma'aikaci zai yi in akwatin ya ƙi? Dabara zai yi. Na wannan ofis ya buga Saadatu, na wancan ya buga Sa adatu da tazara, na uku da manhajarsa ke karɓar hamza ya buga Sa'adatu daidai. Ranar da aka ce a gwama rumbunan bayanan uku, kwamfuta ta ga mata uku. Na taɓa raka gwaggota wani ofishi kan irin wannan, muka wuni, aka ce sai ta kawo takardar rantsuwa daga kotu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, rantsuwar me zan yi? Ni na sauya sunan da Malam ya raɗa mini?" Ban sami abin ce mata ba. Ita hamzar ma iri uku ce a wajen kwamfuta: miƙaƙƙiya ta kan allon bugawa, da lanƙwasasshiya wadda Microsoft Word ke sauyawa da kansa, da wata ta uku da aka tanada don harsunan da hamza harafi ce a cikinsu. Ido ɗaya yake ganin su, na'ura kuwa uku take ƙirgawa. Aikin mai manhaja ne ya mayar da su ɗaya kafin ajiya, ya share tazarar da ta maƙale a farko ko ƙarshe, kuma in zai gwama suna da suna kada ya damu da babban baƙi ko ƙarami.

In ka tuhumi masu sana'ar, sai su ce maka tsaro ne, wai hamza alama ce da ɓarayin intanet ke amfani da ita su cusa umarni cikin rumbun bayanai. Gaskiya ne ana yin haka. Sai dai maganinsa sananne ne tun da daɗewa: a aika umarni daban, bayanan mutum daban, yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar suna a matsayin umarni ba. Wanda ya hana hamza don tsoron ɓarawo kamar mai gida ne da ya ƙi sayen kwaɗo ya toshe ƙofar da bulo, ya bar iyalinsa a waje.

Haruffan nan masu ƙugiya kuwa ba daga sama suka faɗo ba, wahala aka sha kafin a same su, kuma wannan tarihi ne da ba a koya wa yaranmu masu karatun kwamfuta. Turawan farko da suka rubuta Hausa da boko kame-kame suka yi ta yi, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya jingina masa alama a gefe, wani ya ƙyale kawai. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutunsa a 1912, Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934, duk da haka ba a tsaya a kan abu ɗaya ba. A shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar fassara da talifi a Zariya, aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ. Dalilin ba boyayye ba ne, ko in ce ba ɓoyayye ba ne, ka ga ma abin da rashin ƙugiya ke yi. Baki daban da baƙi, fada daban da faɗa, kafa daban da ƙafa, kasa daban da ƙasa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, Abubakar Imam na edita, ita ta kai haruffan nan lungu-lungu. A wancan zamanin sai an zuba kowane harafi da dalma kafin a buga shi, amma aka yi. A Nijar sun ƙara da ƴ, inda mu muke rubuta 'y.

Sai kwamfuta ta zo ta mayar da hannun agogo baya. Tsarin ASCII na 1963 gurabe 128 kacal gare shi, an yanka shi daidai wuyan Ingilishi, ko Faransanci bai isa ba. Shekaru aka yi masu buga littattafan Hausa na fama da haruffa na musamman, waɗanda in aka kai rubutun wata kwamfutar sai ƙ ta koma wata alama marar kan gado. Amma wannan uzuri ya mutu tuntuni. Tsarin Unicode ya fito a 1991, kuma haruffanmu takwas, manya da ƙanana, duk suna ciki, kowanne da lambarsa: ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda a yau shi ne hanyar da akasarin rubutun duniya ke bi. Akwatunan Qt da Java da Windows Forms duk suna karɓar ƙugiya ba tare da an roƙe su ba, Windows na da allon bugawa na Hausa, wayoyin hannu ma haka. Har wata gajeriyar alama aka tanada mai nufin "kowane harafi na kowane harshe", wadda za ta maye gurbin A zuwa Z. Abu ɗaya kawai za a kiyaye: a UTF-8 harafi mai ƙugiya gurbi biyu yake ci, don haka in rumbun da gurbi yake awo, a faɗaɗa shi.

Na san fasfo na da nasa hukuncin. Layuka biyun nan na ƙasan shafin, masu haruffa 44 kowanne, dokar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ce ta ce A zuwa Z da alƙaluma da alamar < kawai, ana zubar da hamza. Babu laifi. Sai a ajiye suna na gaskiya a gurbi ɗaya, manhaja ta fitar da na fasfo daga cikinsa bisa ƙa'ida ɗaya tak da kowane ofishi zai bi. Bajamushe mai ɗigo biyu a kan sunansa haka ake yi masa, bai taɓa zuwa kotu rantsuwa ba.

Wasu ma ba su yarda an yi musu sakiyar da babu ruwa ba. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels a ƙasar Beljiyam ta yanke wa wani banki hukuncin dole ya rubuta sunan abokin hulɗarsa da alamominsa. Bankin ya kawo uzurin cewa na'urarsa tsohuwa ce, kotu ta ƙi karɓa. Mu ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ɗan Nijeriya haƙƙin a gyara bayanansa in an rubuta su ba daidai ba. Ina lauyoyinmu?

Abin takaicin shi ne da yawa daga cikin manhajojin makarantu da asibitoci da ƙananan hukumomin Arewa 'ya'yanmu ne ke rubuta su, a Kano da Kaduna da Zariya. Yaro sunansa Mu'azu, ya zauna ya rubuta ƙa'idar da ta haramta Mu'azu. Sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta a jami'a ɗaya suke, wani lokaci tafiyar minti biyar ce tsakaninsu, amma ba mai leƙa wani. Hukumar NITDA, wadda ke da ikon shimfiɗa ƙa'idojin fasahar sadarwa ga ma'aikatun gwamnati, ya kamata ta sa wannan a cikin sharuɗɗan karɓar aiki. Kai kuma shugaban ma'aikata da ke shirin sa hannu a biya ɗan kwangilar manhaja, ka ja kujera ka zauna gaban allon da kanka, ka buga Sa'adatu Ɗanbaba Ƙanƙara, ka ajiye, ka sake nemo ta. In ba ta dawo yadda ka buga ta ba, kada ka sa hannu.