Tawada a Kan Kati: Masu Neman Sa Hannun 'Yan Besbol a Amurka

A tsakiyar watan Fabrairu, tun dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a arewacin Amurka ba, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar besbol sukan tattara ya-nasu-ya-nasu su gangara kudu domin atisayen share fagen kaka. Guda 15 su sauka a jihar Florida, 15 a Arizona. Wata jama'a kuma takan bi sawunsu, wadda ba kallon atisayen ya fi damunta ba. Tun da asuba za ka tarar da su a jikin shingen da ke tsakanin wurin ajiye motoci da fili: yara, iyayensu, da dattawa masu furfura, kowa rungume da wani littafi mai kauri da alƙalami a hannu. Abin da ke cikin littafin katuna ne masu ɗauke da hotunan 'yan wasa. Burinsu ɗaya ne, mai hoton ya tsaya ya rattaba hannu a kan hotonsa.

Katin kansa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Kwali ne mai faɗin inci 2 da rabi, tsawon inci 3 da rabi, girman da aka tsaya a kai tun 1957. Gaba hoton ɗan wasa, baya kuma lissafin abin da ya taɓuka a fili shekara bayan shekara. Asalinsa talla ne. A shekarun 1880 kamfanonin taba sigari suka fara cusa irin wannan kwali a cikin kwalin taba, ya tokare sigarin kada ya karye, ya kuma ja hankalin mai saye. Daga baya masu cingam suka karɓe sana'ar. Kamfanin Goudey ya fitar da nasa a 1933, sannan Topps na unguwar Brooklyn a birnin New York ya fito da jerin katunansa na 1952, waɗanda Sy Berger ya tsara, suka zama abin koyi har yau. Yaran wancan zamani ba su ɗauki kati da wata daraja ba. Suna musayarsa a makaranta, suna wasan jifa da shi a jikin bango, suna maƙala shi a wayoyin tayar keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Idan yaro ya girma ya bar gida, uwa ta share ɗaki ta zubar. Berger da kansa ya sha ba da labarin yadda a 1960 ya loda ragowar katunan 1952 da suka yi kwantai a jirgin ruwa, aka juye su a Tekun Atilantika. Wannan ɓarna ce ta sa 'yan kaɗan da suka tsira suka yi tsada, har aka sayar da katin tauraron ɗan wasa Mickey Mantle na 1952 a gwanjo kan dala miliyan 12.6 a watan Agustan 2022.

Sai dai mai neman sa hannu ba wannan lissafin yake yi ba. Shi a wurinsa, inji ya buga katin nan dubbai, duk iri ɗaya. Amma da zarar mutumin da ke jiki ya riƙe shi, ya dube shi, ya rubuta sunansa, wannan ƙwaya ɗaya ta fita daga cikin 'yan uwanta. Ta zama shaidar cewa wata rana, a wani wuri, an haɗu. A da ma wasu masu tara kati suna ganin duk wanda ya bari aka zuba wa katinsa tawada ya lalata shi. Masu neman sa hannu ba su saurare su ba.

Yanayin wasan ne ya ba al'adar wurin zama. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka guda, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, wato kusan kullum ɗan wasa yana fili. Yakan iso sa'o'i kafin a fara, ya yi gwajin bugu, ya miƙe gaɓoɓi a gefen fili, taku kaɗan daga kujerun 'yan kallo. Wanda ya rasa shi yau zai iya dawowa gobe. Ga kuma ƙananan ƙungiyoyi 120 da ke warwatse a ƙananan garuruwa, inda matasa ke koyon sana'a kafin a ɗauke su zuwa babbar gasa. A can ne gwanaye suka fi samun ganima, domin saurayin da bai yi suna ba yana murna ma a ce an san shi.

Neman yana da ladubbansa, kuma duk wanda ya saɓa, 'yan uwansa ne za su fara harararsa. Ba a kiran ɗan wasa da gatsal. “Mista wane” ake cewa, a haɗa da roƙo, a rufe da godiya. Ba a tare mai jifa, wato ɗan wasan da ke wurga ƙwallo ga mai bugu, a ranar da shi ne zai buɗe wasa, domin hankalinsa na kan aikin da ke gabansa. Ba a zuwa wa mutum yana cin abinci da iyalinsa. Ba a miƙa kati goma a lokaci guda alhali akwai layi a baya. Mafi girma a cikin dokokin shi ne yaro ke gaba. Babban da ya ture yaro don ya miƙa katinsa ya zubar da girmansa, kuma 'yan wasa suna lura da irin wannan, sau da yawa su tsallake shi su karɓi na yaron. Akwai kuma babban abin kunya: miƙa wa ɗan wasa katin wani daban saboda ba ka gane fuskarsa ba. Shi ya sa masu abin ke haddace fuskoki da lambobin riga tun daga gida.

Shirin da ake yi a gida shi kansa sana'a ne. Katunan zamani suna da santsi da ƙyalli, idan aka rubuta a kansu haka nan tawadar takan tattare ta yi ɗigo-ɗigo, ko ta goge da ɗan taɓi. Don haka da daddare mai nema zai zauna ya barbaɗa wa kowane kati 'yar hodar jarirai ya murza da yatsa, ko ya bi shi da farin abin goge fensir har santsin ya mutu. Sannan ya jera su a shafukan littafi, ya maƙale kusurwoyinsu, kowane ɗan wasa da shafinsa, yadda da an hango shi za a buɗe ba tare da lalube ba. Alƙalamin da aka fi yarda da shi Sharpie ne mai shuɗiyar tawada, kuma sabo, wanda bakinsa bai daƙushe ba. Ƙwallo kuwa biro ake ba ta, saboda fatarta tana shanye tawadar Sharpie ta bazu. Idan an samu sa hannun, ba a rufe littafin nan take. Sai a riƙe shi a buɗe ana fifita shi har ya bushe.

Abin da ya fi taɓa zuciyata a wannan al'ada shi ne nema ta gidan waya. Mutum zai zauna ya rubuta wasiƙa da hannunsa, ba da inji ba, ya gaya wa ɗan wasan abin da ya tuna game da shi: wani bugu da ya yi shekaru arba'in da suka wuce, ko ranar da mahaifinsa ya kai shi kallo. Ya saka kati ɗaya ko biyu, ya haɗa da wani ambulan da ya riga ya rubuta adireshinsa ya manna masa kan sarki, don kada ya ɗora wa wanda yake roƙo ɗawainiya. Masu bugawa a yanzu ana aika musu ta filin ƙungiyarsu, waɗanda suka yi ritaya kuma akwai littattafan adireshi da ake bugawa musamman don wannan. Daga nan sai haƙuri. Wani ambulan ya dawo cikin mako biyu, wani sai bayan shekaru, wani har abada. Ka'idar ita ce kada ka aika katin da ba za ka iya jure rasa shi ba. Yawancin masu amsawa ba taurari ba ne. Tsofaffi ne da suka buga kaka biyu ko uku a shekarun 1960, duniya ta manta da su, sai ga wasiƙa daga yaron da ko ubansa bai ga wasansu ba. Wasu sukan ƙara 'yar takarda su amsa tambayar da aka yi musu. Bobby Doerr na ƙungiyar Boston Red Sox, duk da cewa yana cikin gwarzayen da aka karrama a zauren tarihi na Cooperstown, ya yi ta amsa wasiƙun masoya har cikin tsufansa. Ya rasu a 2017 yana da shekara 99.

Halin 'yan wasa a wannan fage ya bambanta ƙwarai, kuma masu nema sun san na kowa. Bob Feller ya sa hannu da yawan da har ake raha cewa kayansa da babu sa hannu su suka fi wuyar samu. Cal Ripken, a kakar 1995, bayan yajin aikin 'yan wasa na 1994 ya ɓata wa 'yan kallo rai, yakan tsaya bayan an tashi wasa yana sa hannu har dare ya yi nisa. Mike Marshall kuwa, gwarzon masu jifa na 1974, ya ƙi sa hannu shekara da shekaru, bisa aƙidarsa cewa malaman makaranta ne suka cancanci yara su ɗauka gwaraza, ba masu wasa ba. Ina girmama hujjarsa, amma ina ganin yaron da ya tsaya a rana yana jira bai yi laifin da za a koya masa darasi ta wannan hanya ba. Harmon Killebrew na Minnesota Twins shi damuwarsa kyan rubutu ce. Kowane harafi na sunansa yana fita sarai, kuma ya ja kunnen matasan ƙungiyar, irin su Torii Hunter, cewa su rubuta sunansu yadda yaron da ya tsinci ƙwallon bayan shekaru zai iya karantawa ya san ko wane ne. Yau da yawa daga cikin matasan 'yan wasa ja biyu suke yi su ɗora lambar riga.

Akwai masu ɗaukar wa kansu aikin da ya fi ƙarfin shekara goma: su samu sa hannu a kan kowane kati na jerin wata shekara, ɗaruruwan mutane ke nan. A nan mutuwa takan shiga tsakani. Roberto Clemente ya rasu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Disamban 1972, a hanyarsa ta kai kayan agaji ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa. Katinsa na 1973 ya fito bayan rasuwarsa, don haka babu mai iya cike jerin wannan shekara.

Da kuɗi, masu gidan rana, suka shigo a shekarun 1980, sai abubuwa suka sauya. Aka fara shirya baje koli inda tsohon tauraro zai zauna a bayan tebur, ka sayi tikiti ka bi layi, kowane sa hannu da farashinsa, ƙarin rubutu da ƙarin kuɗi. 'Yan wasa suka fara zargin cewa wasu manya da ke jikin shinge 'yan kasuwa ne, har da masu tura yara su karɓo musu. Shi ya sa wani sai ya tambayi sunanka ya rubuta a kan katin, domin katin da aka rubuta wa wani da suna ba ya tsada a kasuwa, mai so don Allah kuwa ya fi murna da haka. 'Yan jabu ma ba a bar su a baya ba. Tony Gwynn na San Diego Padres ya ga ana sayar da kaya da sa hannun da ya san ba nasa ba ne, ya taimaka wa hukumar FBI a binciken da ta kira Operation Bullpen. Ranar 13 ga Oktoban 1999 aka kai samame, aka bankaɗo gungun da ke kwaikwayon hannun tsofaffin taurari irin su Babe Ruth da Mantle, har da ƙwallayen besbol masu ɗauke da sunan Mother Teresa. Daga nan kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA da JSA suka samu kasuwa, ita kuma hukumar gasar ta kafa nata tsarin a 2001: jami'inta ya tsaya ya gani da idonsa, sannan ya manna tambari mai lamba.

Kamfanonin kati su ma sun hango riba. A 1990 Upper Deck ya sa Reggie Jackson ya rattaba hannu a katuna 2,500, ya warwatsa su a cikin fakitoci, wanda rabonsa ya tsaga ya samu. Yau kusan duk kwali mai tsada yana zuwa da alkawarin sa hannu a ciki. Sau da yawa ma ɗan wasan bai taɓa katin ba. An ba shi takardar sitika ɗaruruwa ya sa hannu a ɗakin otal, aka ɓamɓare aka manna a masana'anta. Ba jabu ba ne, amma ba a yi sallama ba, ba a yi roƙo ba, ba a yi godiya ba, kuma a ganina waɗannan su ne rabin abin. Masu tarawa da kansu sun fi daraja wanda aka rubuta kai tsaye a jikin kati, suna biyan kuɗi fiye a kansa.

Duk da haka kasuwa ta karkata ga katunan da kamfani ke fitarwa da sa hannu a jikinsu. Katin Mike Trout na 2009 mai sa hannu, wanda ƙwaya ɗaya tak aka buga, ya kai dala miliyan 3.9 a 2020. Wani misalin shi ne na Paul Skenes, matashin mai jifa na Pittsburgh Pirates, wanda aka haɗa sa hannunsa da ƙyallen da ke jikin rigarsa ranar wasansa na farko a babbar gasa. Ƙungiyar ta yi shelar cewa duk wanda ya same shi ya kawo, za ta ba shi kujeru biyu na kallon wasa har shekara 30. Wani yaro ɗan shekara 11 daga yankin Los Angeles ne ya ci karo da shi a cikin kwalin da aka ba shi kyautar Kirsimeti. Iyalinsa suka zaɓi gwanjo, aka sayar da shi dala miliyan 1.11 a watan Maris na 2025.