Eriya Mai Saiti Da Duwatsun Vom: Hanyar Isar Da Saƙon Gaggawa Daga Daji

VOM, Jihar Filato: Duk wanda ya san harkar dabbobi a Nijeriya ya san garin Vom, wanda ke kudu da birnin Jos a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu. A nan ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa take tun shekarar 1924, kuma daga nan ne ake sarrafa alluran rigakafin da ake kai wa makiyaya da masu kiwon kaji a sassa daban-daban na ƙasar nan. Haka kuma idan wata baƙuwar cuta ta ɓulla a garke, zuwa Vom ake aiko da samfurin jini ko na naman dabbar domin a tabbatar da irin cutar.

To, amma duk ƙwarewar da ke cikin ɗakin bincike ba ta da amfani idan labari bai iso da wuri ba. Galibin dukiyar dabbobin ƙasar nan tana rugage da ƙauyukan da ke nesa da kwalta, inda jami'in dabbobi kan yi tafiyar sa'o'i bai sami inda zai buga waya ba. Wannan ne ya sa batun rediyon oba-oba, da na'urar maimaita saƙo, da eriya mai saiti, ya zama batun tattalin arziki, duk da cewa a ido ya fi kama da aikin injiniyoyi.

Idan za a iya tunawa, a farkon shekarun 1980 cutar bushiya ta afka wa shanu a Nijeriya, inda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta asarar da ƙasar ta yi a kan dala miliyan dubu biyu. Sai a shekarar 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya. A watan Fabrairu na shekarar 2006 kuma aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko da aka sami wannan nau'in cutar a nahiyar Afirka, kuma cibiyar Vom na cikin waɗanda suka gudanar da gwajin. A irin waɗannan cututtuka, jinkirin kwana ɗaya na iya sa dabba mai ɗauke da cuta ta shiga kara, daga can kuma a loda ta a mota zuwa wata jiha.

Gaskiya ne cewa shigowar wayar salula a shekarar 2001 ta sauƙaƙa sadarwa ƙwarai da gaske. Sai dai abubuwan da suka faru daga baya sun nuna cewa ba a dogara da ita ita kaɗai a lokacin gaggawa. A shekarar 2012 an kai hare-hare kan turakun kamfanonin waya a wasu jihohin Arewa. A shekarar 2013 an katse layukan waya a jihohin Borno, Yobe da Adamawa bayan kafa dokar ta-ɓaci. A watan Satumba na shekarar 2021 kuma an rufe layukan a Jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na Katsina, Sakkwato da Kaduna saboda dalilan tsaro, aka yi makonni ana cikin wannan hali. Ban da wannan, ambaliyar ruwa ko ƙarewar man janareta kan kashe turke, kuma da turke ya mutu, duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa sun yi shiru.

Rediyon oba-oba bai dogara da turken kowa ba, amma shi ma yana da iyakarsa. Zangon da ake kira VHF, wanda irin waɗannan rediyoyi suka fi aiki a kai, yana tafiya ne kusan miƙe kamar hasken tocila, don haka dutse ko tudu kan tare shi, lanƙwasar ƙasa ma kan yanke shi. Bisa lissafin da masana ke amfani da shi, eriyar da take mita 2 daga ƙasa, wato tsayin mutum riƙe da rediyo, ba ta hango abin da ya wuce kimanin kilomita 6 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Idan aka ɗaga ta zuwa mita 100, nisan kan kai kimanin kilomita 41. Idan kuwa tana kan dutsen da ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da mita 400, to nisan kan haura kilomita 80.

A nan ne na'urar maimaita saƙo take shigowa. Ita wannan na'ura ana kafa ta ne a wuri mai tsawo, ta karɓi raunanan saƙo a kan mita ɗaya, ta sake watsa shi nan take da ƙarfi a kan wata mitar daban. Ta haka mutane biyu da dutse ya raba su za su iya magana, muddin kowannensu yana kaiwa ga na'urar. Allah ya hore wa Jihar Filato irin waɗannan wurare. Tsaunin Jos yana sama da teku da kimanin mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabas da Jos kuma sun kai kimanin mita 1,800. Daga gefen tsaunin ƙasa tana gangarawa zuwa ƙwarin Binuwai, inda garuruwan Shendam, Langtang da Wase suke, yankin da makiyaya ke kai shanu da rani.

Sai dai duwatsun da suka ba da wannan dama su ne kuma suke kawo matsala. Jami'in da ke cikin kwari ko bayan wani dutse zai iya jin na'urar tana magana sarai, amma ita ba ta jin sa, domin rediyon hannu bai cika wuce wat 5 ba, kuma 'yar gajeruwar eriyar robar da ke kansa tana watsa wannan ɗan ƙarfi ko'ina, gabas da yamma, kudu da arewa. Maganin wannan shi ne eriya mai saiti, wadda ke tattara ƙarfin ta tura shi gefe guda.

Wadda aka fi sani ita ce eriyar Yagi, wadda wasu malamai biyu na jami'ar Tohoku a ƙasar Japan, Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi, suka fito da ita a shekarar 1926. Duk wanda ya san eriyar talabijin da ake ɗaurawa a kan gora a saman gidaje ya san siffarta. Mafi sauƙinta tana da sanduna uku jere a kan ƙarfe guda. Ta tsakiya ce ake haɗa wa waya daga rediyo, ta baya ta ɗan fi ta tsawo tana mayar da saƙo gaba, ta gaba kuma ta ɗan fi ta gajarta tana jan saƙon zuwa inda aka saita. A kan mita mai megahaz 150, kowace sanda ba ta wuce kimanin mita ɗaya ba, don haka ana iya kwance ta a ɗaure a bayan babur.

Irin wannan eriya mai sanduna uku kan ninka ƙarfin saƙo sau uku zuwa huɗu a gefen da aka nufa, wato rediyo mai wat 5 ya yi aikin mai wat 15 zuwa 20 ba tare da ya ƙara cin batir ba. Bugu da ƙari, ribar tana aiki ta fuska biyu, domin kamar yadda take ƙara ƙarfin aikawa, haka take ƙara ƙarfin ji, abin da ƙara wutar rediyo kawai ba zai yi ba. Har ila yau tana rage hayaniyar da ke zuwa ta baya da ta gefe.

Akwai ƙa'idojin da dole mai aiki da ita ya kiyaye. Na farko, sandunan su kasance a tsaye, ba a kwance kamar na yawancin eriyoyin talabijin ba, domin eriyar na'urar maimaita saƙo a tsaye take, kuma saɓanin haka na iya cinye mafi yawan ƙarfin saƙon. Na biyu, a yi amfani da gajeruwar waya mai kyau tsakanin rediyo da eriya, don doguwar waya mai arha tana shanye ribar da aka samu. Na uku, tsawo ya fi komai: hawa tudu ko ɗaga eriyar a kan gora mai mita 5 ko 6 ya kan raba tsakanin saƙon da ya isa da wanda ya ɓata. Na huɗu, jami'i ya san gefen da na'urar take tun kafin ya bar ofis, ya riƙe taswira da kamfas. Idan dutse ya tare hanya gaba ɗaya, akan juya eriyar sannu a hankali, domin wani lokaci saƙo kan daki wani dutsen ya karkato ya isa inda ake so.

Ta fuskar kuɗi, babban nauyin yana kan na'urar da ke bisa dutse. Tana buƙatar faifan hasken rana da batura, da kariya daga tsawa wadda ta yawaita a tsaunin Jos da damina, da kuma mai gadi, tun da satar batura ta addabi ko manyan kamfanonin waya. Ita kuwa eriyar ta hannu, maƙerin da aka ba shi awo daidai zai iya haɗa ta da bututun alminiyam. Na'ura guda za ta iya yi wa ma'aikatan dabbobi, na asibiti da na agajin gaggawa aiki tare, su raba kuɗin kula da ita a tsakaninsu.

Wajibi ne kuma a tuna cewa mitar rediyo dukiyar ƙasa ce. Dokar Sadarwa ta shekarar 2003 ta kafa majalisar da ke kula da rabon mitoci, kuma ba a kafa irin wannan na'ura sai da lasisi. A wuraren da ake fama da matsalar tsaro, dole ne a yi aikin da sanin jami'an tsaro, a kuma horar da ma'aikata cewa duk abin da aka faɗa a oba-oba, wani na iya saurare. A matakin duniya, yarjejeniyar Tampere ta shekarar 1998, wadda ta fara aiki a 2005, an ƙulla ta ne domin sauƙaƙa shigar da kayan sadarwa ƙasashen da bala'i ya afka wa.

Abin da ya rage shi ne hukumomin da abin ya shafa su auna duwatsun da suka dace, su nemi mita, su kuma riƙa gwada kayan a kai a kai tun lafiya lau. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Makiyayin da ke ƙwarin Wase da shanunsa suka fara faɗuwa, buƙatarsa ita ce labari ya isa Vom a ranar, kafin ranar kasuwa ta zagayo.