Shin Tsakuwa Ɗaya Za Ta Haskaka Gari?

Akwai maganar da ke yawo cewa Einstein ya gano yadda 'yar tsakuwa za ta ba gari guda wutar lantarki, sai manyan ƙasashe suka danne sirrin don kada kasuwar fetur ta mutu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta ƙi mutuwa.

A 1905 Einstein ya nuna cewa nauyin abu makamashi ne a dunƙule, abin da ake rubutawa E=mc². Harafin c gudun haske ne, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, kuma ana ninka shi da kansa. Don haka giram ɗaya na kowane abu, ko ƙasa ce ko gishiri, yana ƙunshe da makamashin da ya kai yunit miliyan 25, irin yunit ɗin da mitar gida ke ci. Tashar Kainji mai megawat 760 sai ta yi kimanin awa 33 duk injinanta na aiki kafin ta samar da haka. Wannan ɓangaren babu ƙarya a ciki.

Inda aka yi ƙari shi ne batun fito da makamashin. Lissafin ya faɗi abin da ke cikin rumbu, bai ba da mabuɗi ba. Ƙwayoyin zarra na tsakuwa a zaune suke daram, babu na'urar da ke narkar da su su koma wuta. Ko yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, idan aka fasa ƙwayoyinsa kashi ɗaya cikin dubu na nauyinsa ne kawai ke zama makamashi. Bam ɗin Hiroshima na 1945 ya ɗauki kusan kilo 64 na yuraniyom, amma nauyin da ya ɓace bai cika giram ɗaya ba, kuma shi ya rushe birnin. Tashar nukiliya mai megawat 1,000 tana rasa kusan kilo ɗaya a shekara, sai dai zafi take samu, ta tafasa ruwa, tururi ya juya injin, kusan kashi biyu cikin uku na zafin kuwa ya salwanta.

Batun ɓoye sirri abin dariya ne, tunda lissafin yana cikin littafin fizis na sakandare.

Wasu kuma na cewa Einstein ne ya ƙera bam ɗin. Bai ƙera ba. Otto Hahn da Fritz Strassmann ne suka fasa ƙwayar yuraniyom a Jamus a 1938. Einstein ya sa hannu a wasiƙar da aka aika wa Shugaban Amurka Roosevelt a 1939, mai gargaɗin cewa Jamus za ta iya riga Amurka ƙera bam, amma ba a sa shi a aikin ƙera makamin ba.