Matsayin Guru a Wurin Mabiya Addinin Sik

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ɗalibai sun tambaye ni game da mutanen Indiya masu rawani da gemu, waɗanda samarinmu ke haɗuwa da su a wuraren aiki a ƙasashen Larabawa. Wasu na zaton Musulmi ne, wasu kuwa na cewa malamansu suke bauta wa. Duka biyun kuskure ne. Sunansu Sik, ma'ana almajiri. Ko a tarihin Sudan suna nan: a 1885 Turawan Ingila sun kawo sojojinsu Sawakin, suka gwabza da mutanen Usman Digna.

Jagoran addininsu shi suke kira Guru, kuma goma ne. Na farko shi ne Nanak, an haife shi a 1469 kusa da Lahor, cikin Pakistan ta yau. Na goma, Gobind Singh, ya mutu a 1708.

To, mene ne Guru a wurinsu? Ba su ɗauke shi abin bauta ba. Aƙidarsu ita ce Ubangiji ɗaya ne, ba a haifarsa, ba ya zuwa cikin surar mutum. An ma ruwaito cewa na goman ya yi kashedi mai tsanani ga duk wanda ya kira shi Ubangiji. Amma fa ya wuce malamin da muka sani. Suna cewa haske ɗaya ne ya bi ta jiki goma, kamar yadda ake kunna fitila da fitila. Shi ya sa Nanak ya tsallake 'ya'yansa ya naɗa almajirinsa Lehna, ya sa masa suna Angad, wato wani ɓangare na jikina. Magadansa da suka yi waƙoƙi da sunan Nanak suke rufe su, sai da lamba ake gane mai waƙar.

Kafin mutuwarsa, Gobind Singh ya rufe wannan silsila ta mutane, ya mayar da matsayin ga littafinsu, Guru Granth Sahib. Na biyar ɗinsu, Arjan, shi ya fara tattara shi a 1604. Shafinsa 1,430, cikinsa har da baitocin Shehu Farid, sufi Musulmi na Panjab. Suna yi masa hidima kamar sarki mai rai: a ɗora shi kan karaga, a yi masa rumfa, a yi masa fifita, da dare a kai shi ɗakinsa. Kowace safiya a buɗe shi, abin da aka faɗa a kai shi ne umurnin ranar. In ka ga sun sunkuya gabansa, su dai cewa suke yi maganar da ke ciki suke girmamawa.

Ya ɗan'uwa, Guru ba daidai yake da Annabi ba, haka kuma ba shehin ɗariƙa ba ne, kada ka cakuɗa. Mu a wurinmu annabci ya cika da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, sujada kuma ta Allah ce shi kaɗai. Sai dai saɓanin addini bai halatta mana ƙarya a kan kowa ba. In aiki ya haɗa ka da ɗayansu, ka faɗi aƙidarsa yadda take, ka bayyana taka cikin ladabi.

Wallahu a'alam.