Kalmomin Turanci na Kuɗi da na Aiki

Ga 'yar magana bisa wani sashe na Turanci wanda ya kamata mu ƙara kula da shi, watau kalmomin kuɗi da na aiki. In yaro ya kuskure sunan tsuntsu da Turanci, ba abin da zai rasa sai maki. Amma in ya girma ya sa hannu a takardar banki bai fahimce ta ba, ya yiwu gonar ubansa ta salwanta.

Da fari mu sani Hausa ta riga ta haɗiye waɗansu tun tuni. Fam daga pound ta fito, sule daga shilling, sisi daga sixpence, kwabo kuwa daga copper. Da aka kawo naira a 1973, aka yi fam guda naira 2, sule guda kwabo 10. Haka lebura da direba da masinja da kafinta, duk baƙi ne da suka zama 'yan gari. Waɗannan ba su da wuya, ko kurma ya san su.

A ƙasarmu ta Janbako, da Maradun da Bakura da Talata Mafara, an ga nauyin kalma guda. Bayan an gama madatsar ruwa ta Bakolori bisa Kogin Sakkwato a 1978, manoma suka yi ta neman abin da takardun hukuma ke kira compensation, watau diyyar gonakinsu. A kanta aka yi rikicin 1980, har aka rasa rayuka.

To, inda haɗarin ya ke shi ne kalmomi masu tafiya biyu biyu, gama kama da wane ba ta wane.

Na farko, loan da grant. Loan rance ne, lalle a biya. Grant kyauta ce, ba a mayarwa. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya buɗe wani shiri a Birnin Kebbi na ba manoman shinkafa iri da taki da kuɗi. Sunansa Anchor Borrowers, borrower kuwa mai cin bashi ne. Wanda ya san wannan kalma ba zai ɗauka rabon gwamnati ne ba.

Na biyu, per annum da per month. Interest shi ne kuɗin ruwa, wanda Shari'a ta kira riba ta hana, ko da ya ke a bakin 'yan kasuwa riba ita ce profit, halal ce. Mu ɗauka mutum ya ranci naira 100,000 bisa ruwa 9 cikin 100. In an rubuta per annum, ruwan shekara naira 9,000 ne. In an rubuta per month, ruwan shekara naira 108,000 ne, ya zarce uwar kuɗin. Ku duba fa, kalma guda ce ta raba su.

Na uku, referee da guarantor. Mai neman aiki ya kan ba da sunan referee, watau wanda zai shaidi halinsa, iyakar nauyinsa ke nan. Guarantor kuwa ya tsaya wa mutum ne, in ya gudu da bashi shi za a kama ya biya. Collateral ita ce jingina, ko gona ko gida.

Na huɗu, gross da net. Gross shi ne albashi ɗungum, net kuwa abin da ya rage bayan an cire haraji da sauransu. Dokar fensho ta tarayya ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla 8 cikin 100, mai aikin ya ƙara 10. Saboda haka kada sabon malami ya ɗauki bashin aure bisa gross, gama net ne zai shiga aljihunsa.

Na biyar, pension da gratuity. Fensho wata wata a ke biya bayan ritaya, garatuti kuwa a dunƙule, sau ɗaya tak.

Na shida, credit da debit, waɗanda banki ke aikowa ta waya. Credit kuɗi sun shigo, debit sun fita. Mai sayar da hatsi ran kasuwar Talata Mafara kada ya saki buhu sai ya ga credit a wayarsa shi kansa, ba a ta mai saye ba.

Shawarata ga masu shirin shiga aji ita ce, kada mu sa yara su haddace waɗannan a jere kamar sunayen garuruwa. Mu rubuta su biyu biyu a allo, mu haɗa kowace da lissafi, sa'an nan mu kawo rasit na gaske ko takardar neman aiki su karanta da kansu. Mu koya musu kuma su riƙa cewa, "A fassara mini tukuna," kafin su dangwala yatsa, gama matambayi ba ya ɓata. Yaron da ya iya wannan ya zama idon gidansu duka.

Allah ya sa mu amfani jama'armu da abin da muka koya, amin.